Garin Bagaruwa a Ƙarƙashin Bandeji

A duk shekarun da na yi a ɗakin gwaje-gwaje, ranar da har gobe ban manta da ita ba wata Alhamis ce ta tsakiyar damina, ranar da Sista Ladi ta turo ƙofar lab ɗinmu ko sallama babu, ta dire mini wani bandeji a cikin tasa, ta ce, "Malam Haruna, ga aikinka, duba." Tunda kun matsa sai na ba ku labari ɗaya kafin in miƙa makullai in tafi hutu, wannan zan ba ku, ko da yake ba labari ne da na yi wata bajinta a cikinsa ba.

Abin ya faru 'yan shekaru bayan wayar salula ta cika garin Jos. Lokacin ina babban jami'i a sashen gwajin ƙwayoyin cuta na asibitinmu. Ga waɗanda ba 'yan sana'ar ba a cikinku, aikin namu ba shi da wuyar bayani. Idan ciwo ya yi ruwa, nas takan dangwalo mugunyar da auduga a kan tsinke, a kawo mana. Mu kuma mu shafa ta a kan wani ɗan farantin gilashi mai ɗauke da abincin ƙwayoyin cuta, wani abu mai kama da kunun da ya huce ya daskare. Sai mu rufe, mu sa a akwatin ɗumi wanda zafinsa daidai yake da na jikin mutum. Washegari za ka tarar sun tsiro ɗigo-ɗigo. Daga nan a sake shuka su a wani farantin, a ɗora ƙananan takardu da aka jiƙa da magunguna iri-iri. Maganin da ya fi ƙarfinsu, za ka ga fili wasai kewaye da takardarsa kamar an share da tsintsiya. Kwana biyu ke nan, wani lokaci uku. Komai gaggawar likita, ƙwayar cuta ba ta tsiro don ana jiranta.

A wancan lokacin babban likitan ƙashi shi ne Dokta Pam, mutum dogo, marar yawan magana, wanda duk muke kira Oga. Abin da ya fi tayar masa da hankali a aikinsa shi ne ƙarfen da yake sa wa mutane a gaɓa ya kamu da cuta. Ƙarfe ba shi da jijiyar jini. Ƙwayoyin cuta in sun same shi sai su manne, su lulluɓe kansu da wani yauƙi kamar gansakukar da ke kama jikin randa. Magani kuwa jini yake bi, don haka sai ya yi ta zagayawa bai kai gare su ba. Wurin ya kumbura, ya yi zafi, ƙashin da ke riƙe da ƙarfen ya fara saki. In abin ya kai nan, ba makawa sai an sake yanka mutum an cire ƙarfen, ƙafa ta gajarce, wani ma ya rabu da tafiyar kirki ke nan.

Saboda wannan damuwa ne muka fara wani ɗan bincike ni da Madam Ngozi, jami'ar haɗa magunguna. Iyayenta daga kudu maso gabas suka zo, amma a Jos aka haife ta, Hausarta irin ta cikin gari ce, komai namiji ne a bakinta. Tana karatun ƙarin digiri, kuma tambayarta ita ce: a cikin itatuwan da mutanenmu ke wanke ciwo da su, akwai wanda ruwansa zai hana ƙwayoyin cuta kama ƙarfe, ya kuma rage kumburi? Muna sayo bagaruwa da ɓawon marke da ganyen sabara da kurkum a wurin wata tsohuwa ta gefen kasuwar Farin Gada. Madam ta wanke, ta busar, ta niƙa, ta jiƙa, ta tace sau da yawa har sai ruwan ya ratsa wata matata da ko ƙwayar cuta ba ta iya wucewa, sannan ta auna ƙarfinsa. Ni kuma in tsoma tsofaffin kusoshin tiyata da aka turara a cikin ruwan, in jefa su cikin kwalbar da ke cike da ƙwayoyin cuta, in ga ko za su kama. Shugaban sashe ya ba mu izini a kan sharaɗi ɗaya: komai ya tsaya a lab.

Ran Litinin ta makon da abin ya faru na buɗe akwatin ɗumi, na ga abin da wata huɗu muke nema. Kusar da aka tsoma a ruwan bagaruwa ta fito kusan fes, 'yar'uwarta da ba a tsoma ba kuwa yauƙi ya rufe ta. A faranti ma fili ne mai faɗi kewaye da takardar bagaruwa. Na kasa zama. Na leƙa ofishin Madam sau uku, ba ta nan, ta tafi taro. Murna ta cika mini ciki, ba wanda zan faɗa wa, a haka aka kira azahar.

To, a ɗakin maza na ƙashi akwai wani majinyaci, Alhaji Buba, Bafulatani mai fataucin shanu, dattijo mai shekara sittin da wani abu. Wani bijimi ne ya matse shi da jikin mota wajen lodi a kusa da Abattoir, wato mahauta, wuyan ƙashin cinyarsa ya karye daga can sama. Oga ya cire kan ƙashin, ya sa masa na ƙarfe a ƙugu. Mai jinyarsa ƙanensa ne, Jibo, makiyayi daga rugarsu ta bayan gari, wanda ya bar garkensa ya zo ya shimfiɗa tabarma a barandar ɗakin. Sahu ɗaya muke tsayawa a masallacin asibiti, har muka saba. Likita yake kirana. Na gaya masa ya fi sau biyar cewa ni ba likita ba ne, shi kuwa in ya ga farar riga, magana ta ƙare.

Muna sa takalma bayan salla ya dube ni ya ce, "Likita, yau fuskarka kamar an yi maka haihuwa."

Na ce, "Jibo, ka san bagaruwa?"

Ya yi dariya. "Ni za a tambaya bagaruwa? Da ita muke wanke gyambon shanu tun kakanninmu."

Na ce, "To yau da idona na ga ta hana ƙwayoyin cuta kama ƙarfe. Irin ƙarfen nan da ke jikin yayanka."

Ya ce, "Allahu Akbar." Muka yi musabaha, kowa ya kama gabansa. Wallahi kafin in kai ƙofar lab na manta na yi maganar.

Shi ne ran Alhamis Sista Ladi, mai kula da ɗakin maza, ta dire mini wannan bandeji. Cikinsa wani gari ne ruwan ƙasa, ya caɓe da mugunya ya zama kamar laka. Ta ce kwana biyu tana ganin bakin filastar Alhaji ya ɗan ɗaga, tana zaton gumi ne. Ashe duk safiya in an gama wankin ciwo, Jibo yakan ja labule, ya ɗaga filasta, ya zuba garin bagaruwa a kan ɗinkin, ya danna da babban yatsa, ya mayar. Ranar kwana goma sha ɗaya ke nan da tiyata. Alhaji ya tashi da zazzaɓi, cinya ta kumbura ta yi ja, ɗinki biyu sun buɗe suna zubar da ruwa.

"Da na ritsa shi," in ji Sista, "ko gezau bai yi ba. Ya ce likitan lab ne ya ce. Oga yana nemanka yanzu-yanzu."

Tsakanin lab da ofishin Oga tafiyar minti uku ce. Ranar sai da na tsaya sau biyu a hanya. Na tarar da shi a tsaye yana duba hoton ƙashi a jikin taga. Bai ce in zauna ba.

"Haruna, yaushe ka fara rubuta wa majinyatana magani?"

"Ranka ya daɗe, ban rubuta komai ba. Hira ce muka yi a bakin masallaci."

"Hira." Ya ajiye hoton. "Kana sanye da wannan rigar lokacin da kuke hirar?"

Na ce ina sanye da ita. Ya dube ni daga sama har ƙasa. Da ya yi mini tsawa ma da ya fi mini sauƙi. Daga nan ya yi mini bayani a tsare. In cutar ba ta riga ta zauna a kan ƙarfen ba, akwai sauran dama: gobe Juma'a da ƙarfe goma zai mayar da Alhaji tiyata, ya buɗe wurin, ya wanke shi tas, ya ɗebo mini nama daga can ciki in gwada. Duk kwanan da aka ƙara, damar tana raguwa. Matsalar ita ce dangi sun ƙi. Jibo ya ce ba za a sake yanka ɗan'uwansa ba, har ya yi magana da mai mota, gobe bayan sallar Juma'a za su ɗauke shi su kai shi wurin wani maɗori. Alhaji kuma zazzaɓi ya galabaitar da shi, duk abin da ƙanensa ya ce shi ke nan. Ba a shiga da mutum tiyata sai ya sa hannu a takardar amincewa.

"Maganarka ya ji ya zuba garin," in ji Oga. "Je ka, ya ji maganarka ya bar ni in yi aikina. Zancen takardar tuhuma sai Litinin."

Na sami Jibo a baranda yana naɗe tabarma. Na tsuguna kusa da shi, na yi masa duk bayanin da na iya. Ya saurare ni har ƙarshe cikin ladabi, sannan ya ce, "Likita, ran Litinin ka ce tana kashewa, yau ka ce tana kawowa. Bagaruwar ce ta canja ko kuwa Oga ne ya tsorata ka? Kumburin nan dafi ne yake fitowa. Haka take yi wa saniya kafin ta warke. Yayana Hamma Buba an yanka shi sau ɗaya, ya isa."

Na ga baki ba zai yi ba, tunda bakin ne ya ɓata abin tun farko. Na tambaye shi ko akwai sauran garin. Ya ciro wani ƙullin tsumma daga aljihu. Ya ce a ƙarƙashin bishiyar da shanu ke hutawa aka tsinto 'ya'yan, aka daka a turmin gida, aka aiko masa. Na roƙe shi abu ɗaya: ya biyo ni tagar bayan lab ya ga abin da zan yi, kuma kada ya ɗauki Alhaji sai ya dawo wannan tagar gobe da safe. Ya ce ai motar ma sai bayan Juma'a, ba abin da zai rage shi.

Madam Ngozi ta riga ta ji labari. Tana ganina ta ɗora hannu biyu a ka. "Malam Haruna, wannan bakin naka zai kashe mu! Faranti ne fa muka gwada, faranti ba mutum ba ne. Wata huɗu ina tace wannan abu, kai ka je ka gama shi a bakin masallaci." Ba ƙarya a maganarta. Amma duk da faɗan, ita ce ta ɗauko mini sababbin faranti.

Jibo yana tsaye a taga yana kallo na barbaɗa garinsa a faranti ɗaya. A na biyu na ɗiga tataccen ruwan Madam. A na uku na shafa mugunyar da aka ɗebo daga ciwon Alhaji. Don kada gobe ya ce an musanya, na miƙa masa alƙalami ta taga, na ce ya yi wa murfin na farko shaida. Ya zana alamar da suke yi wa kunnen shanunsu. Ƙarfe uku da rabi na sa su a akwatin ɗumi.

Ƙarfe huɗu hadari ya haɗo daga wajen duwatsu, ruwa ya goce, wuta ta ɗauke. Janareton asibiti a wancan lokacin ɗakin tiyata kawai yake bai wa wuta da wurin ajiyar jini, mu ba ma cikin layi. Kun san sanyin Jos in an yi ruwa. Ina tsaye ina kallon allurar ma'aunin zafi tana sauka a hankali. In akwatin ya huce, ƙwayoyin ba za su tsiro zuwa safiya ba, in ba su tsiro ba kuwa ba ni da abin da zan nuna wa Jibo. Na ruga cikin ruwan zuwa wurin injiniya, ya ce ba ya jona sabon layi sai da takarda daga sama. Na hau sama, mai sa hannu ya tashi. Na sauko, na koma lab, na sake duba allurar, na sake fita ban ma san inda zan je ba. A baranda Madam ta tare ni, rigata sharkaf.

"Ka tsaya wuri ɗaya, kana sa ni jiri," in ji ta. "Ƙaramin akwatin nan ba nauyi. Akwai soket mai wutar janareto a sito na bayan ɗakin jini, na yi magana da mai wurin."

Muka liƙe faranti da filasta, muka mayar da su ƙaramin akwati, muka rufa masa leda, ni da ita muka ɗauke shi kamar masu ɗaukar mara lafiya, muna bin gefen bango har siton. Sai da na ga allurar ta koma wurinta sannan na fita neman mota. A tasi hankalina yana can, har aka wuce da ni mahaɗar Daɗin Kowa ban ce a tsaya ba, sai da na dawo da ƙafa. Maiɗakina ta ajiye mini tuwo, ta dawo ta same shi yadda ta bar shi.

Ana idar da asuba na hau acaɓa. Kafin bakwai ina sito. Farantin mugunya ya tsiro, ɗigo-ɗigo masu ruwan zinariya, irin ƙwayar da muka fi tsoro a kan ƙarfe. Farantin tataccen ruwa fes, kamar ba a taɓa shi ba. Na garin Jibo kuwa ya cika maƙil, wani fari, wani ruwan toka mai tattara kamar fatar tsoho, sun bazu har bakin gilashi. Abin da ya ba ni mamaki, daidai gindin kowane tsibin gari akwai ɗan siririn fili da ba abin da ya tsiro. Wato maganin yana nan a cikin bagaruwar, amma dattin da ya biyo ta daga ƙasa da turmi da tsumma ya fi shi yawa nesa ba kusa ba.

Jibo ya zo taga wajen ƙarfe takwas. Na jera masa su a kan dakalin taga, a rufe. Ya fara neman shaidarsa, ya gan ta. Ya sunkuya ya ƙura wa farantin ido.

"Wannan duka daga garina ya fito?"

"Daga shi. A gabanka na zuba."

"Jiya ba komai a kai."

"Suna nan, ido ne ba ya ganinsu. Ɗumi suka samu da abinci. Cikin ciwon Alhaji ma akwai ɗumi, akwai abinci."

Ya nuna mai tsabtar. Na ce masa ita ma bagaruwa ce, amma wadda aka wanke aka tace. Na nuna masa siririn filin nan, na ce kakanninsa ba su yi ƙarya ba, akwai magani a cikinta.

Ya ɗago kai. "To ai ba ka ce mini sai an tace ba."

"Ban ce ba. Ko tatacciyar ma, a gilashi kaɗai na ga aikinta. Ban san abin da za ta yi a jikin mutum ba, ba wanda ya sani tukuna. Rabin magana na gaya maka, Jibo. Laifina ne."

"Saniya fa? Me ya sa take warkewa?"

"Gyambon saniya a fata yake, jini yana kai masa. Saniya ba ta da ƙarfe a cikin ƙashi."

Ya ja baya daga tagar. Ya kalli babban yatsansa na dama, ya goge shi a jikin riga, ya sake gogewa. Ya juya ya nufi ɗakin maza da sauri. Na mayar da faranti, na wanke hannu, na bi bayansa.

Na tarar da shi durƙushe a gefen gado yana magana da Fillanci. Alhaji yana kwance, leɓe ya bushe, amma idonsa a buɗe. Da Jibo ya gama, ni ma na matsa na gaishe shi, na gaya masa da bakina cewa daga wurina maganar ta fito. Ya dube ni, ya dubi ƙanensa, ya ce wa Sista Ladi, "'Yata, kawo takardar." Da ajami ya rubuta sunansa. Ƙarfe goma da 'yan mintoci aka tura shi.

Ƙa'ida ita ce masinja ya kawo mana abin gwaji daga tiyata. Ranar ni na je na tsaya a ƙofa da kaina. Na zauna a benci, na tashi, na je ƙarshen baranda, na dawo. Jibo yana can gefe da carbi, ba mai kallon wani. Sallar Juma'a ma a sahun waje muka same ta, muka dawo ba a fito ba. Da Oga ya fito, ya miƙo mini kwalabe uku da hannunsa. Ya ce mugunyar ta yi zurfi, ta kusa kai wa ƙarfen, amma ƙarfen yana nan daram bai motsa ba, kuma ya wanke iyakar iyawarsa.

"Saura naka," ya ce. "Ba ni sunan maganin da zai kashe ta. Kada ka ba ni zato."

Asabar da Lahadi ba ranakun aikina ba ne, amma duka a lab na yi su. Ran Lahadi da hantsi sakamako ya fito: allurar da ake yi wa Alhaji tun farko ba ta taɓa wannan ƙwayar ko kaɗan, sun tsiro har jikin takardar. Wani maganin daban ne ya share fili. Na sake aunawa sau biyu kafin in yarda da idona, sannan na kira Oga a waya yana fitowa daga coci. Kafin la'asar an canja magani. Ran Laraba zazzaɓi ya sauka. Ran Asabar kumburi ya fara saɓewa, fatar cinyar ta yi tattara. Sai da Alhaji ya yi mako shida ana ba shi magani ta jijiya.

Akwai abin da har yau ban sani ba. Ƙwayar da ta fito daga can ciki irin wadda ke zaune a fatar mutum ce, ba lallai daga garin ba. Tana iya yiwuwa ta shiga tun ranar tiyata, tana iya yiwuwa yatsan Jibo ne ya tura ta lokacin da yake danna garin. Na tambayi Oga ra'ayinsa, ina fatan ya sauke mini nauyi. Ya ce, "Ba za mu taɓa sani ba, Haruna. Ka bar shi a haka." A haka na bar shi, a haka kuma yake zaune a raina.

Takardar tuhuma ta zo ran Litinin kamar yadda aka alkawarta. Na amsa a shafi ɗaya, ban kare kaina ba. Aka ba ni gargaɗi a rubuce, aka sa a fayil ɗina, aka dakatar da bincikenmu har sai kwamitin ɗa'a na asibiti ya zauna. Madam Ngozi ta yi mako biyu gaisuwa kawai ke haɗa mu. Bayan wasu watanni aka bar mu muka ci gaba, ta kammala karatunta. A hannunmu aikin bai taɓa wuce kwalba da faranti ba. Kafin a shafa wa ƙarfen da za a sa a jikin mutum wani sinadarin itace, sai an ware shi tsantsa, an san yawan da ba zai cutar da ƙashi ba, an gwada a dabba, an gwada a mutane da izini, mu kuwa ba mu da kayan wannan tafiyar. Ina jin labarin masu bincike a wurare daban-daban suna kan wannan hanya, ina kuma yi musu fatan alheri, don na ga abin da idona, na san ba tatsuniya ba ce.

Ranar da aka sallami Alhaji Buba, da ƙafarsa ya fito, yana dogara sanda, yana ɗan ɗingishi, ƙarfensa yana jikinsa. Ya sa Jibo ya kira ni bakin mota. Na zo ina ta jera ban-haƙuri, ya ɗaga mini hannu.

"Malam Haruna," ya ce, shi bai taɓa kirana likita ba, "ƙanena bai yi don ya cuce ni ba. Kai ma ba ka yi don ka cuce ni ba. Na yafe muku duniya da lahira. Amma ku biyun a tsaye kuka yi kwana arba'in ɗin nan. Ni ne na yi su a kwance."

Ya shiga mota, Jibo ya rufe masa ƙofa.

Abin da na koya ke nan, ku da kuke farawa. Mutanenmu ba jahilai ba ne, sun san itatuwansu, kuma suna ƙaunar majinyatansu har su bar dukiyarsu a daji su kwana a siminti. Saboda wannan ƙaunar ne duk abin da ya fito daga bakinku za su ɗauke shi su yi aiki da shi a ranar, ba za su jira kwamiti ba. Wani zai tare ku a tasi ko a wurin biki ya ce, me kuka gano? In za ku ce abu yana kashe cuta, ku ƙarasa: a ina kuka gani, an tace ko ba a tace ba, an gwada a jikin mutum ko ba a gwada ba. In ba ku da lokacin ƙarasawa, ku ce ana kan aiki, ku tambaye shi ya iyali.